Molon Jaji da Faifan Kaboyi

A shekarar 1975, lokacin da arzikin mai ya sauko wa ƙasar nan har masinjan ofis ya fara tambayar farashin babur, kwamitin nunin dabbobi na Gombe ya zauna wata Talata da hantsi domin shirya bikin shekara. An shekara ashirin da uku ana yin wannan nuni a filin da ke bayan Gabukka, kuma a duk tsawon shekarun nan mutum ɗaya ne ke riƙe da littafin zaman kwamiti, wato Malam Bubayero, tsohon malamin dabbobi, wanda ya yi wa shanun ƙasar Gombe allura tun daga Dukku har Kumo kafin ya ajiye aiki. Ba ya zuwa zama sai da tsofaffin littattafan duka, a ɗaure da igiya, ko da kuwa batun ranar bai wuce sayen tabarmi ba.

Shugaban kwamitin sabo ne. Alhaji Bamanga ɗan kwangila ne da bai cika shekara arba'in ba, ɗan Bobbo, wani aminin Malam Bubayero da ya rasu. Shi ya yi alkawarin rumfa da kujeru, saboda haka aka ba shi kujerar gaba. Ya shigo zaman da malafar kaboyi a ka da takalmi mai dogon dunduniya, bayansa kuma George, mutumin Kaltungo mai shagon gyaran rediyo a bakin Kasuwar Gombe, ɗauke da na'urar faifai da lasifika biyu.

Alhaji Bamanga ya ce, "Bana za a yi abu na zamani. Baƙo zai zo daga Maiduguri. Kowane garke zai sami lamba bisa wanda ya riga yin rajista, George ya kira a lasifika, shanu su shigo ana sa musu kiɗan kantiri, irin na makiyayan Amurka. Ba sai an wahalar da tsoho Jaji ba."

Malam Bubayero ya cire tabarau ya ajiye a kan littafi. Duk wanda ya san shi ya san abin da wannan ke nufi.

Ga yadda al'adar take, ga wanda bai sani ba. Garken ardo ba ya shiga filin nuni sai an kira shi, kuma ba da baki ake kira ba. Kowane ardo yana da takensa a molo, Jaji ne kuma makaɗin da ke kaɗa su ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Wannan jeri ba a rubuce yake ba, domin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wani ya rasu ɗansa ya gada, sai gidan ya koma baya. Wani ya auri 'yar wani, sai ya zama ba zai shiga gaban surukinsa ba. Babu ardon da kunya za ta bari ya buɗe baki ya ce shi ne na farko, babu kuma wanda zai yarda ya bi bayan ƙaraminsa. Jaji ne ke yawo rugage da kasuwanni shekara cur yana jin wa ya mutu, wa ya yi aure, wa ya yi sulhu da wa, ranar nuni kuma ya ɗauke wa kowa nauyin faɗa.

Malam Bubayero ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, a ba ni izini in karanta abin da ya gabata." Ya kwance igiyar ya buɗe littafi na biyu. "A 1957 wani jami'i Bature ya ce a kira shanu da begila. An busa har leɓen mai busa ya kumbura, saniya ɗaya ba ta motsa ba. Baturen nan ya cire hularsa, ya taka da ƙafarsa har inda Jaji yake zaune, ya ba shi haƙuri a gaban jama'a. Ga shi nan da hannuna na rubuta."

Alhaji Bamanga ya ce, "Baffa, wancan zamanin En'e ne."

"Shanun ba su ji labarin an canza zamani ba."

Wasu suka yi dariya, amma Alhaji Bamanga bai yi ba. Ya yi wa George alama, George ya ɗora faifai. Wata murya mai kauri ta cika ɗakin, jita na binta a hankali, wani abu mai tsirkiya yana kuka a bayansu. Shugaban ya rufe ido yana kaɗa kai.

Ya ce, "Ka ji abu, Baffa. Wannan kiɗan masu shanu ne da suka ci gaba. Mutum ɗaya da shanu dubu goma, da mota, da jirgin sama. Abin da muke so Fulaninmu su gani ke nan. Molo kuwa, ka yi haƙuri, kayan ƙauye ne."

A nan ne ran Malam Bubayero ya ɓaci ƙwarai, domin babu wanda ya san wannan kiɗa a ɗakin kamarsa. A 1964 an tura shi kwas na wata tara a wata kwalejin aikin gona a kudancin Amurka. Ya zauna a barandar katako da tsofaffin manoma masu faso a hannu, ya ga yadda suke kaɗa shi bayan an tashi daga aiki. Ya dawo da faifai bakwai, waɗanda yake saurara shi kaɗai ranar Juma'a bayan la'asar, ƙofa a rufe, domin bai dace a ga dattijo idonsa ya cika a kan waƙa ba.

Ya ce, "Tunda ka ambata, bari in gaya maka abin da ka ɗora a kan na'urar nan. Waɗanda suka fara kiɗan nan ba su da mota, wasunsu ko takalmi ba su da shi. Talakawan kan duwatsu ne, jikokin mutanen da suka tsallako teku daga Ingila da Ailan da gogensu da waƙoƙin kakanninsu. Suka tarar da baƙar fata da aka kai bauta, waɗanda suka sami ƙwarya da fata suka sake ƙera irin molon da suka baro a wannan nahiya tamu. Shi ake ce wa banjo, shi ne kake ji yana tsalle a bayan muryar nan. Aka haɗa da waƙoƙin coci. Kuma me suke rerawa? Gona ta ƙi, uwa ta rasu mutum na nesa, jirgin ƙasa ya tafi da ɗa bai dawo ba, mashayi ya tuba ya sake komawa. Su kansu mutanen birninsu sun daɗe suna raina shi, suna cewa kayan ƙauye ne, da wannan kalma da ka faɗa yanzu. Malafar da ke kanka kuwa, masu fim ne suka ɗora masa daga baya."

George ya ce a hankali, "Gaskiya ne, Baba. Wanda ya koya mini jita a mishan haka ya gaya mini. Rabin abin da muke rerawa ran Lahadi ɗan'uwan wannan ne."

Malam Bubayero ya ci gaba kamar bai ji ba. "Za ka kori molo daga filin kakansa, ka zaunar da jikansa a kujerarsa, don kawai jikan ya dawo da Turanci a baki. Wannan ba ci gaba ba ne, rashin sanin dangi ne."

Alhaji Bamanga ya ce, "Mun gode da lacca, Baffa. A ɗaga hannu."

Mutum shida suka ɗaga wa shugaba. Malam Bubayero da wani tsohon dillalin shanu ne kaɗai suka ƙi. Da hannunsa ya rubuta hukuncin, domin aikinsa ne, kuma shi aka ɗora wa kai saƙon.

Washegari ya hau kekensa ya tafi Nasarawo. Ya tarar da Jaji a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya sa ƙafa ya danne wata sabuwar tsirkiya yana murza ta. Tsoho ne siriri, ya haura saba'in, bakinsa ja da goro.

Jaji ya ce, "Likitan shanu. Ka zo da allura ne, na ga fuskarka kamar ta wanda zai soki bijimi."

"Na zo da abin da ya fi allura."

Ya faɗa masa duka, bai rage ba bai sassauta ba. Jaji bai daina murza tsirkiyar ba sai da ya kai ƙarshenta.

"Wannan Baturen na cikin faifai, yana zuwa ruga?"

"Ba ya zuwa."

"To wa zai gaya masa Ardo Hamman ya auri 'yar Ardo Joda da damina?"

"Babu."

"Wa ya riga yin rajistar?"

Malam Bubayero ya ce, "Hamman. Rugarsa ce ta fi kusa da gari."

Jaji ya yi wata gajeriyar dariya ya tofar da tukar goro. "Yaron nan Bamanga, ranar sunansa ni na kaɗa wa ubansa take har ya cire riga ya ba ni. Kai kana wurin, kana ta cin tuwo kamar an ce gobe za a hana."

"Ban ci fiye da kai ba."

"Ni aiki na yi." Ya naɗe tsirkiyar a yatsa. "Ba komai, Likita. Shekara ashirin da uku ina kaɗa wa shanu, ban taɓa tsayawa na kalle su ba. Bana zan je kallo."

Malam Bubayero ya koma gida yana taka keke da ƙarfin da ya fi na shekarunsa. A hanya ya yi wa kansa alkawari ɗaya: bakin da ya cire Jaji, shi zai mayar da shi, kuma da ƙafa, kamar yadda aka yi a 1957.

Ranar Asabar filin ya cika tun da sassafe. An kafa rumfa mai ja da fari, an jera kujerun ƙarfe, motoci sun yi layi a gefe. Baƙon Maiduguri ya zauna a tsakiya da 'yar takardar jawabinsa a hannu. Can ƙetaren filin, bayan shingen kara, garkuna goma sha ɗaya suka tsaya, fararen bunaji da jajayen rahaji masu dogon ƙaho, an wanke su an goge. Ardo'en na tsaye a gaba, kowa ya gicciya sanda a kafaɗa. Jaji kuwa ya sami gindin wata tsamiya a gefe ya zauna cikin 'yan kallo, ya lulluɓe da babbar riga.

Ƙarfe tara George ya ɗora faifai. Muryar ta bazu a kan filin, wasu 'yan maruƙa suka zabura. Ya busa lasifika sau biyu ya ce, "Lamba ɗaya. Garken Ardo Hamman."

Ardo Hamman, saurayin ardo mai kimanin shekara talatin, ya sunkuyar da kai yana duban ƙasa. Surukinsa Ardo Joda yana tsaye taku ashirin daga gare shi, farin gemu har ƙirji, yana kallon wani wuri can sama da rumfar.

"Lamba ɗaya. Ardo Hamman, a shigo."

Babu abin da ya motsa sai wutsiyoyi.

Alhaji Bamanga ya ce, "Wataƙila bai ji ba. Tsallake shi."

George ya kira lamba biyu, ya kira uku, ya kira har goma sha ɗaya. Ardo Joda lamba bakwai aka ba shi. Da aka ambaci sunansa bayan na mutum shida da ya riƙe a ranar sunansu, ko ƙifta ido bai yi ba. Faifan ya kai ƙarshe, allura tana ta ƙarƙara, George ya juya shi. Wata sabuwar waƙa ta tashi, mai taushi, ta mutumin da ke tuna gidan da aka haife shi. Malam Bubayero ya san ta. Jin ta a wannan fili, ana amfani da ita wajen wulaƙanta tsoho, ya sa ya ji kamar an fito da wasiƙarsa ana karantawa a kasuwa.

Ƙarfe goma ta wuce. Baƙon ya duba agogo, ya naɗe takardarsa, ya warware, ya sake naɗewa. Rana ta ɗaga, shanu suka fara kuka, domin lokacin ruwansu ya gabato, kuma an hana su kiwon safe don kada su ɓata jiki.

Alhaji Bamanga ya matso ya durƙusa kusa da kujerar Malam Bubayero, gumi na bin gefen malafar. "Baffa, ka taimaka. Je ka kira shi."

"Wa?"

"Ka sani. Jaji."

"Kwamiti ya yanke cewa kada a wahalar da shi. Ga shi a rubuce, mutum shida da biyu."

"Baffa, baƙo na kallo."

"Shi ma wancan Baturen baƙi na kallonsa. Tsamiyar ba ta da nisa, ranka ya daɗe. Ƙafa biyu gare ka, da sabon takalmi."

"Ni shugaba ne. In tashi a gaban mutane in je roƙon maroƙi?"

"To ka zauna."

Alhaji Bamanga ya tura direbansa. Direban ya je ya dawo ya ce Jaji ya ce a gaishe da Alhaji, kallo ya zo. Ya tura wani ɗan kwamiti, aka ba shi amsa ɗaya. George ya bar na'urar ya zo ya tsaya a bayan Malam Bubayero.

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. In kai ka je, zai taso. Kowa ya san haka. Dubi shanun can."

"Ba ni na cire shi ba."

"Na sani, Baba. Amma ƙishirwa ba ta san wanda ya cire shi ba."

"Koma kan aikinka, George."

George ya koma, amma bai sake ɗora faifai ba. Ya kashe na'urar ya zauna a kan akwatinta. Filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan shanu da na masu tallar gyaɗa. Malam Bubayero ya zauna a miƙe, hannu biyu a kan littafinsa, yana jin gaskiyarsa ta cika masa ƙirji. An faɗa musu. An karanta musu shekara da rana. Yau za su koyi cewa ba a gina abu shekara ashirin da uku sannan yaro da malafa ya zo ya rushe shi da ɗaga hannu.

Sai wajen goma sha ɗaya da rabi Alhaji Bamanga ya miƙe. Ya cire malafar ya jefa a kan kujera, ya fita daga inuwar rumfa ya nufi tsamiya, dunduniyar takalminsa na nutsewa cikin yashi, jama'a na buɗa masa hanya. Malam Bubayero ya tashi ya bi shi a baya, ba don ya taimaka ba, sai don ya zama shaida, ya sami abin rubutawa.

Suna tsakiyar fili Ardo Joda ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Bai dubi kowa ba. Ya yi wa shanunsa wata 'yar ƙara da harshe, babbar saniyar gaba ta juya, saura suka bi ta, suka kama hanyar kwari inda ruwa yake. Fita ba ta bukatar a kira kowa.

Alhaji Bamanga ya ƙarasa da sauri ya durƙusa a gaban Jaji. "Baba Jaji, na yi kuskure. Ka yafe mini, ka taso ka kira su."

Jaji ya dube shi, ba da fushi ba. "Na yafe maka, ɗan Bobbo. Albarkacin ubanka ko ba ka roƙa ba na yafe. Amma wa zan kira?"

"Ga garke goma nan tsaye."

"Na fari ya tafi. In na kaɗa wa na biyu alhali na fari bai shiga ba, na ce wa duniya Joda ya mutu ke nan, ko an tuɓe shi. Hannuna ba zai yi wannan ba, kuma ko na yi, babu wanda zai shigo."

Yana rufe baki garke na biyu ya juya, sai na uku. Ardo Hamman ne ya tsaya har ƙarshe, sai da ƙurar kowa ta kwanta sannan ya kaɗa nasa. Alhaji Bamanga ya miƙe ya koma rumfa, inda baƙon ya riga ya nufi motarsa.

Malam Bubayero ya ce, "Ka gani, Jaji. Na gaya musu tun ran Talata. Na karanta musu."

Jaji ya juyo gare shi. Ya ɗaga gefen babbar rigarsa. Molon na nan a kan cinyarsa, an ɗaura masa sabuwar tsirkiya, an shafe fatar da mai.

Ya ce, "Tun ƙarfe bakwai yake nan. Na ɗaure shi daidai taken Joda. Ni ba yaron nan nake jira ba, Likita. Me ya sani? Kai nake ta duba. Na ce yanzu zai taso, yanzu zai taso. Da ka ɗaga mini hannu daga inda kake zaune, da na zo."

"Ba haka aka yi ba a 1957. Wanda ya yi laifin shi ya..."

"A 1957 kai ka ja Baturen nan da hannun riga ka kawo shi, rana ba ta ɗaga ba. Wannan ba ka rubuta ba?"

Malam Bubayero ya dubi littafin da ke hannunsa. Bai rubuta ba. A lokacin yana ƙaramin ma'aikaci, bai ga ya dace ya sa sunansa kusa da na jami'i ba, shekaru kuma suka bi ta kai har shi kansa ya koma tuna abin kamar yadda yake a takarda.

Jaji ya mayar da rigar ya rufe molon, ya dafa tsamiya ya miƙe da ƙyar. "Joda ba zai dawo baɗi ba. In bai dawo ba, babu mai dawowa. Ni kuma ban san ko ina da baɗin ba."

Malam Bubayero ya tsaya yana duban filin, da rumfar da aka fara kwancewa, da sawun kofato da ya tsaya cak a bakin shinge. Haushin Bamanga bai bar shi ba, ba kuma zai bar shi ba har ya koma ga Allah, amma yanzu haushin ya sami abokin zama da bai gayyata ba. Ya kira George ya miƙa masa littattafan ya ce ya ajiye a shago. Sannan ya tattare rigarsa ya kama hanyar kwari da ƙafa, cikin tsakar rana, yana bin kashin shanu, yana shirya a ransa kalmomin da dattijo zai iya faɗa wa dattijo, in Ardo Joda ya yarda ya tsaya ya saurara.